Tsatsa a Lihaf ɗin Amarya

Ku yaran yanzu, in kun ga mutum zaune a tabarma yana ɗinkin lihaf, sai ku ce ai wannan ba aiki ba ne, auduga ce tsakanin yadi biyu, ka soka allura ka zare. To, ku matso. Ba ma sai mun kai ga allura ba. A kan dabbus kaɗai zan tsayar da ku, ɗan ƙarfen nan mai kai da ake kafe yadi da shi kafin a ɗinka, wanda 'yan uwanmu na yamma ke kira fil. Kwanan baya na ji wani telan zamani yana cewa dabbus duk ɗaya ne, har yana ɗaga murya. Na yi shiru don rumfarsa ce, amma raina ya ɓaci. Ni Gidado, dabbus ya taɓa raba ni da garinmu, ya kuma kusa raba ni da sana'ar baki ɗaya.

Aikin farko da na sa wa hannu lihaf ne na wani tsoho a ƙauyenmu, nan kusa da Abu Hujar. Lihaf, ga wanda bai taso a nan ba, bargo ne mai kauri da ake cika wa auduga, a shimfiɗa a kan angarib, gadon nan na igiya, ko a lulluɓa da shi in sanyi ya sauko. Maigidana a sana'a Usta Sambo ne (Usta ake kiran gwanin sana'a a nan), wanda iyayensa suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, tafiya ta tsaya musu a bakin kogin nan. Shi ya koya min shiɓa da baka har auduga ta tashi ta yi laushi, ya koya min shimfiɗa yadin ƙasa, a baje auduga daidai, a rufa yadin sama, a zana ado da alli. Daga nan sai kafewa. In ba ka kafe ba, kana ɗinki yadin sama yana zamewa, auduga tana guduwa gefe guda, ka tashi da abu wani wuri tudu wani wuri kwari.

Abin da ya ɗaure min kai, Usta Sambo ba ya taɓa dabbus na kasuwa. Ƙayar aduwa yake sarowa, ya shanya, ya goge bakinta a dutse, ya tara a zunguru. Na daɗe ina kallo, ran nan dai na kasa haƙuri na tambaya.

Sai ya samo dabbus ɗaya na kasuwa, ya soka shi a farin ƙyalle, ya jiƙa, ya ce, "Kai yaro, tai ka aje wanga ƙarƙashin randa. Kak ka taɓa shi sai na ce."

Bayan 'yan kwanaki da ya ce in ɗauko, sai ga jan tabo ya zagaye wurin kamar an ɗiga jini. Ya ba ni sabulu ya ce in wanke. Na wanke har hannuna ya yi fari, tabo yana nan daram. Ya ce, "To, ka ga mi ƙarhe ka yi in ya sha ruwa. Ƙaya ba ta yin haka." Tun daga ranar na kamu da son sanin halin ɗan abin nan. Duk dabbus da na tsinta sai na juya shi, na lanƙwasa, na jiƙa, na ga me zai yi. Matata daga baya ta sha cewa da ina kula da awakinmu yadda nake kula da dabbus, da mun fi kowa garke.

Ƙaya kuma tana da nata laifin, kuma wani lihaf na satin ne ya tona mata asiri. Wani ɗan kasuwa ya kawo jan satin mai sheƙi na auren ƙanwarsa. Usta Sambo ya soka ƙaya a gefe don gwaji, ya zare, sai ga rami a buɗe, ya murza da yatsa ya ƙi rufewa. Damuriyya, yadin nan namu mai kaushi, takan haɗiye ramin ƙaya ta manta. Satin ba ya mantuwa. Tsohon ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya tashi ya sa takalmi muka tafi kanti. Ranar na ga yadda ake wahalar da mai kanti. Ya sa aka sauko da duk irin da ke akwai. Gajere mai kauri, na kafe takardu a ofis, ya ture gefe ko kallo na biyu bai yi masa ba. Sauran ya riƙa soka su ɗaya-ɗaya a guntun satin da ya riƙo, yana kai kunne kusa. Ya ce mai kaifi yana wucewa shiru, mai dakusasshen baki kuwa za ka ji ɗan ƙis, wannan ƙarar zare ce ta tsinke. Na kasa kunne ni ma, wallahi na ji.

Da na buɗe nawa aikin bayan rasuwarsa, sai na zauna a kan iri biyu. In tob na mata aka kawo a yi wa baki, yadi mai shara-shara, siriri nake sawa, wanda ka hura shi zai motsa. In lihaf ne kuwa, dogo nake nema, mai tsawon ɗan yatsa, don ya ratsa sama da auduga da ƙasa ya sake leƙowa. Kuma dole ya zama mai ƙaton kai na gilashi mai launi. Mai ƙaramin kai nutsewa yake yi cikin auduga, ka neme shi ka rasa, sai ranar da ya sami cinyar mai gida. Na tagulla ba ya tsatsa amma raggo ne, yana haɗuwa da kauri sai ya lanƙwashe. Na ƙarfe jarumi ne, sai dai ba a barinsa ya kwana a yadi da damina. Masu kan roba da suka zo daga baya kuwa, dutsen guga na taɓa su sai su narke su manne a yadin mutane. Kowanne da halinsa, kamar 'ya'yan gida ɗaya.

Ku gane wani abu kafin in ci gaba. Mai lihaf yana shiga har tsakar gida inda baƙo ba ya shiga, yana taɓa abin da mutum zai kwanta a kai ya rufe ido. Abin da yake sayarwa ke nan, amana. Ranar da aka ce hannunsa ba shi da tsarki, ya naɗe tabarmarsa.

Lihaf ɗin Hawwa na yi shi ne a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Rusairis, bayan an gama tsinkar auduga. Hawwa 'yar Malam Tukur ce, mai hawasha, wato gonar auduga a aikin ban-ruwa. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, wata Balarabiya mai sayar da nono, Batul, ita ta shayar da ita tare da nata ɗan. Batul 'yar makiyaya ce, bukkarta na can bakin gari. Rani tana tare da mu, ruwa na sauka sai ta bi shanun ɗanta zuwa wajen Dinder, ba a ganinta sai bayan kaka. Hawwa Yumma take kiranta, wato inna.

Ranar aikin gidan ya cika da mata, kamar yadda aka saba. Suna zaune kewaye da ni suna tsince 'ya'yan auduga, ana shayi ana guɗa, ana tsokanata wai na fi amarya ƙyale-ƙyale. Shuɗin satin ne a sama, farin yadi a ƙasa. Na kafe, na ɗinka ado, saura baki ɗaya ban rufe ba aka kira azahar. Na tafi masallaci, na ci abinci a zaure, na dawo na rufe bakin, na zare dababis ɗina na mayar a gwangwani. Na bi lihaf da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, kamar kullum, ban ji komai ba. Aka kai amarya gidan mijinta a unguwar gabas, kowa ya yaba aiki.

Damina ta yi tsakiya sai Hawwa ta kwanta. Zazzaɓi ne mai zafi, irin wanda ke bin magudanan ruwa duk shekara, har tana sambatu. Ɗakinta kuma yana yoyo ta kusurwa. Uwar mijinta, Hajiya Kulu, ta fitar da lihaf za ta shanya, ta juya shi, sai ta ga jan tabo a farin yadin, daidai wajen kai. Ta taɓa ta ji abu mai tauri. Ta sa wuƙa ta farke.

Ina rumfata da hantsi aka aiko wai in zo. Na tarar da ƙofar gidan cike da mutane, ba wanda ya amsa sallamata da kyau. Hajiya Kulu ta fito, mace ce doguwa mai murya, ta jefo min abu a gaban ƙafa.

"Usta, mi na na wanga?"

Na duƙa na ɗauka. Ɗan guntun karan dawa ne, an soka masa 'yan ƙananan dababis na ƙarfe, an naɗe da jan zare. Duk sun yi tsatsa.

Na ce, "Hajiya, wanga ba nawa ba na. Nawa dogaye na, masu kan gilashi, kowa ya san su."

"Kai kaɗ ɗunka ko ba kai ba?"

"Ni naɗ ɗunka."

"Halas, shi ke nan. Wa ab biya ka ka sa ma ɗiyar mutane ƙarhe ga kai? Faɗi muna sunanai."

Kun san mu. A wurinmu, allura ko wani ƙarfe mai tsini a cikin shimfiɗar mutum, an kuma naɗe da zare, suna ɗaya gare shi: sammu. Ba mai tsayawa ya tambaye ka tsawo ko kauri. Na rantse, na buɗe gwangwanina na nuna, wani ya ce ai mai yin irin wannan ba zai yi da nasa na aiki ba. Malam Tukur, wanda muka taso tare, ya sunkuyar da kai ya ƙi kallona. Wannan ya fi min zafi a kan duk abin da aka faɗa. Abin da ya ƙarasa ni kuwa, a makon aka kai Hawwa ɗakin magani aka yi mata allurai, ta warke sarai. Gari ya ce ka gani, ana cire abu ta tashi.

Hajiya Kulu ta so a ƙone lihaf ɗin, Hawwa ta yi ta kuka ta hana, aka ƙudundune shi aka jefa a rumbu. Ƙullin kuwa ba wanda ya yarda ya taɓa, sai na sa shi a aljihu na tafi da shi.

Daga ranar aiki ya ɗauke kamar an rufe famfo. Wadda ta kawo katifa a sake shiɓa ta aiko a karɓo mata haka nan. Matata ta je rijiya, mata suka janye tulunansu. Wani biki ya taso a unguwarmu, a kan idona aka ɗauko mai lihaf daga wani gari, ya wuce ta gaban rumfata da bakansa a kafaɗa, aikinsa kuma ko a kyauta ba zan karɓa ba. Na yi fushi, na yi baƙin ciki, amma abin mamaki, abin da ya fi damuna shi ne ƙullin nan. Nakan fito da shi in yi ta juyawa. Duk bakin dababis ɗin an nutsa su cikin laushin karan, ko ɗaya bai leƙo ba. An kuma tura shi can tsakiyar auduga inda ko ka danna ba za ka ji ba. Na ce a raina, wane irin mugu ne wannan, mai tsoron kada ƙarfensa ya soki wadda yake son cutarwa? Na faɗa wa matata, ta ce in bar wannan bincike in nemo mana dawa.

Sai na ɗauki bakana na hau lori zuwa Rusairis. Lokacin garin ya cika da leburori da direbobi da makanikai, kowa yana son abin kwanciya, ba wanda ya san sunana balle labarina. A can na ga dababis iri-iri da ban taɓa gani ba, a kantunan da ke sayar wa baƙin ma'aikata. A can kuma wani makanike da na yi wa matashi ya ba ni maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Na zama kamar yaro da sabon abin wasa. Na zube gwangwanina na bi da shi: na ƙarfe su yi tsalle su manne, na tagulla su yi kwance abinsu. Har na gano wani iri fari mai sheƙi, maganaɗisu yana kama shi, alamar ƙarfe ne, amma na kwantar da shi ƙarƙashin randa a jiƙaƙƙen ƙyalle ya fito fes. Ashe wani farin ruwan ƙarfe ake shafa masa a waje. Na sayi takarda guda na adana, ban san ranar amfaninsa ba.

Wata tsohuwar katifa ce ta warware min zancen. Wani gidan Larabawa a bakin kasuwa suka kira ni in sake shiɓe ta, ta uwar gidan ce tun ta aurenta. Na farke, ina fitar da audugar da ta dunƙule, sai wani abu ya faɗo a tabarma. Guntun kara, jan zare da ya koɗe, ƙarfe a ciki ya rube. Na ce shi ke nan, nan ma za a ce ni ne. Na rasa ko in ɓoye ko in nuna, sai tsohuwar ta hango, ta miƙo hannu tana dariya.

Ta ce da Larabci, "Kawo, kawo, na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Ashe yana nan."

Na ce, "Hajja, mene ne wannan?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta mene ne gishiri. Ta ce, "Hadid mana. Ƙarfe. A danginmu na makiyaya uwa ce ke sa wa 'yarta a shimfiɗar aure, saboda ido da iskoki. Ba a faɗa wa kowa, ko amaryar. Ana rufe bakinsa kada ya soke ta. Ku ba ku yi?"

Na ce, "Mu in mun gani, cewa muke an yi mana sammu."

Ta kama baki ta ce, "Sajami!" wato abin ya ba ta tsoro. Ni kuwa na zauna daɓas a kan auduga. Shekara nawa muna zaune da mutanen nan, muna jin harshensu kamar namu, muna cin kisra ɗaya, wainar dawar nan tasu, amma ban taɓa farke katifar 'yar makiyaya ba sai ranar. Na shiga tuno matan da suka kewaye ni a gidan Malam Tukur, fuska bayan fuska. Balarabiya ɗaya ce a cikinsu, tana zaune daidai bakin da na bari a buɗe.

Na koma gida an gama girbin dawa, shanu sun fara dawowa bakin kogi. Ban ko sauke kaya sosai ba na nufi bukkar Batul. Na same ta tana kaɗa nono a gora, shigowarta ke nan, ba ta ji komai ba tukuna. Muka gaisa, na fito da ƙullin na ajiye a gabanta. Hannunta ya tsaya.

"Ya waladi, ɗana, ina ka samu wannan?"

"A lihaf ɗin Hawwa anka cire shi."

"Wa ya cire?" Ta miƙe tsaye. "Bitti, 'yata, lafiya? Tun yaushe take kwana babu shi?"

Na ba ta labari tun daga tabo har zuwa Rusairis. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Da na zo kan kalmar sammu sai ta dafe ƙirji. Ta ja tob ɗinta ta rufe kai, ta kama hanyar unguwar gabas, ina biye da ita da sauri kamar ni ne tsohon.

A tsakar gidan Hajiya Kulu ta tsaya, mata suna sussuka, ta ɗaga ƙullin sama. Hausarta a karye take, amma ranar ba wanda bai gane ba.

"Ni na sa. Ni, Batul. Usta ya tafi salla, na sa da hannuna."

Hajiya Kulu ta ajiye taɓarya. "Ke? Ke da kis shayar da ita?"

"Don na shayar da ita. Ku kun kawo tasa, kun kawo gado, kun kawo zane. Ni ba ni da komai. Uwata ta sa min hadid, na sa wa 'yata." Ta dubi matan. "Uwarta tana ƙasa. In ban sa mata ba, wa zai sa?"

Hawwa ta fito daga ɗaki da gudu, da cikinta ya fara tasowa, ta faɗa jikin tsohuwar tana "Yumma, Yumma," suka yi ta kuka. Ni dai na juya ina kallon katanga, don idona ma ya kawo ruwa. Sai Hajiya Kulu ta ce wa wata jikarta, "Ɗauko ma baƙi tabarma." Ta dube ni ta ƙara da cewa, "Da Usta."

Liman da ya ji labari ya ce dukanmu mun yi kuskure, ƙarfe ba ya cuta ba ya karewa sai da ikon Allah, zazzaɓi kuma sauro ne. Mata suka ce gaskiya ne Malam, suka ci gaba da abin da suka yi niyya. Aka ciro lihaf daga rumbu, Batul ta ce sai an mayar da hadid. Hajiya Kulu ta ce ita ba za a sake sa mata abin da zai yi jan tabo a ɗakin ɗanta ba. Nan na ga rigima za ta sake tashi, sai na ce a sa na tagulla, ba ya tsatsa. Batul ta ɗauki ɗaya ta duba, ta jefar. Ta ce wannan abin ado ne, ita ƙarfe ta ce.

Sai na tuna da takardar nan ta Rusairis. Na kawo farin dabbus da maganaɗisu, na nuna wa Batul yadda yake tsalle ya manne, ta gwada da kanta har sau da yawa, tana dariya, ta yarda ƙarfe ne. Hajiya Kulu kuma na ba ta ɗaya a jiƙaƙƙen ƙyalle na ce ta ajiye ƙarƙashin randarta da hannunta, ta duba ranar da ta ga dama. Ta riƙe shi fiye da yadda na zata, don ba ta son a ce ta yi saurin yarda. Da ta buɗe ta ga ƙyalle fari, sai ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na sake wa lihaf yadin ƙasa, Batul ta soka dababis a sabon kara, ni kuma na dulmiya shi a narkakken kakin zuma don ƙarin tsaro, ta naɗe da jan zarenta. Da aka zo sawa ta ce kowa ya juya baya. Muka juya, har da Hajiya Kulu.

Hajiya Kulu ba ta taɓa ce min in yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma a makon ta aiko da katifarta ta kanta, aka ratsa da ita ta tsakiyar kasuwa a kan jaki, da rana tsaka, zuwa rumfata. Kowa ya gani, kowa ya gane. Malam Tukur kuwa ya zo ya zauna a bakin tabarmata ya yi ta zancen farashin dawa har la'asar, da zai tashi ya kama hannuna ya riƙe ya daɗe. Aiki ya dawo. Sai dai tun daga lokacin, in zan tafi salla na bar baki a buɗe, nakan ce da ƙarfi, "Mai abin sawa ta zo ta karɓi wanda ba ya tsatsa." Mata su yi dariya. Wani lokaci in na dawo sai in ga takardar ta ragu, ban kuma taɓa tambaya ba.

Lihaf ɗin ya sake dawowa hannuna bayan shekaru, Hawwa ta yi 'ya'ya, satin ya koɗe, auduga ta kwanta. A daminar da ta wuce kafin nan Batul ta rasu a can wajen Dinder, a cikin shanu, labari kawai aka kawo, ko kabarinta Hawwa ba ta sani ba. Da kanta ta kawo aikin, ta zauna a gefe ta ƙi tafiya. Na gane abin da take jira. Na farke wajen kai a hankali, na lalubo ƙullin, na ɓare kakin da farce don ni ma ina son in gani. Dababis suka fito fari tas, suna sheƙi kamar ranar da na saye su.

Na miƙa mata. Ta riƙe a tafin hannu, tana shafa jan zaren da ɗan yatsa, daidai inda tsohuwar ta ƙulla. Na ce ko in sake sabon zare, wannan ya tsufa.

Ta girgiza kai. "A'a, Baba Usta. Kak ka kwance. Hannunta na."

Na gama shiɓa, na baje auduga, na kafe, na ɗinka, na bar baki ɗaya a buɗe. Sannan na tashi na juya mata baya.